Yadda Ake Tare Asid ɗin Batir a Akwatin Baturan Sola

Tambaya: Gidana sola kaɗai ke ba shi wuta. Ina da batura huɗu masu ruwa, kowanne 12V 200Ah, an jera su sun ba da 48V, suna cikin akwatin katako a kan daɓen siminti. Kwanan nan na ga saman baturan kullum a jiƙe, farin gari ya taru a kawunansu, gindin akwatin ya yi baƙi, simintin da ke ƙarƙashi kuma ya fara marmashewa. Yaya zan tare wannan asid? In toshe akwatin ruf ne don kada ya fita?

Amsa: Malam, kada ka toshe shi. Da wannan zan fara domin shi ne kuskuren da ke iya jawo asarar rai. Akwatin batir ana son sa a rufe ta ƙasa, a buɗe ta sama. Ƙasansa ya riƙe ruwa kamar daro, samansa ya bar iska ta fice. Wanda ya liƙe akwati ruf don tsoron asid ya tara iskar haidirojin mai kama wuta, wadda batir ke fitarwa, a ciki, ya gudu daga gidan gara ya faɗa gidan zago. Zan dawo kan iskar, amma bari mu fara da gano inda asid ɗin naka yake fitowa, don tire, wato faffaɗan mazubin da ake sawa a ƙarƙashin batura, ba ya warkar da batir, abin da ya zuba kawai yake tarewa.

Ruwan da ke cikin batir mai dalma asid ɗin salfa ne da aka sirka da ruwa. Idan batir ya cika caji, kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyin ruwan asid ne zalla, haidiromita kuma, wato abin auna nauyin ruwan batir, takan nuna tsakanin 1.240 da 1.280 gwargwadon irin batirin. Akwai wani hali nasa da ya kamata ka sani tun yanzu: ba ya bushewa. Ruwan da ke cikinsa ne yake tashi, asid ɗin ya zauna, ya ƙara ƙarfi. A busasshiyar iska ɗigon da ya fito da ƙarfin kashi 35 cikin ɗari yana iya kaiwa kashi 60, idan laima ta dawo kuma ya zuƙo ta ya sake malala. Shi ya sa saman baturanka kullum a jiƙe, shi ya sa kuma 'yar ɗigar da aka raina take cinye katako cikin watanni.

Bisa bayaninka, na fi zaton ba fashewa batirinka ya yi ba. Jiƙewar sama da farin gari a kawuna alamar asid ne da ke fitowa ta marfi yana gangarowa ta jikin batir. Abu uku ne suka fi jawo haka.

Na farko cika ruwa fiye da kima, musamman a lokacin da batir ya sauka. Ruwan batir yana kumbura idan ana caji: asid yana dawowa daga farantan dalma da ke cikin batir zuwa cikin ruwa, zafi yana ƙaruwa, kumfar iska tana ɗaga shi. Wanda ya cika sel, wato ɗaya daga cikin ɗakuna shida da ke cikin kowane batir, har baki da sassafe, bayan batir ya kwana yana aiki, kafin azahar ruwan ya tumbatsa. Ƙa'ida ita ce a ƙara ruwa bayan caji ya cika. Idan ka buɗe ka ga farantan sun fito fili, zuba ɗan abin da zai rufe su kawai, ka yi caji, sannan ka cika zuwa kusan milimita 3 ƙasa da gindin wuyan da marfi ke shiga. Idan batirinka mai ma'aunin da ke tasowa ne a kan marfi, tsaya a layin sama, kada ka wuce. A nan akwai ruɗanin suna da ke ɓata batura da yawa: "ruwan batir" ana kiran asid da shi, ana kuma kiran tataccen ruwa da shi. Abin da batir ke rasawa a aikin yau da kullum ruwa ne zalla, don haka tataccen ruwa kaɗai ake ƙara masa. Ƙara asid a kan asid yana cinye faranti, yana kuma tsananta ɓarnar duk abin da ya zuba.

Na biyu cajin da ya wuce kima. Sel yana fara tafasa sosai daga wajen 2.4V, wato 14.4V a batir mai 12V, ko 57.6V a jerinka mai sel 24. Tafasar nan ba ta zafi ba ce, ruwa ne wuta take rabawa zuwa haidirojin da oksijin. Kowace kumfa idan ta fashe a saman ruwa tana watsa feshin asid mai laushi, ya bi ramin marfi ya sauka a kan batir da wayoyi da bangon akwati. Ana buƙatar 'yar tafasa don ta gauraya ruwan, amma ba ta yini guda ba. Duba abin da aka saita a na'urar caji ka gwada shi da takardar kamfanin batirin. Ka kuma tuna cewa lambobin takardar na digiri 25 ne. Batir mai zafi yana son ƙarancin ƙarfin caji, tsakanin 0.003V da 0.005V a kowane sel kan kowane digiri ɗaya da ya ƙaru. Idan kamfaninka ya ce 0.005V, kuma batirin yana digiri 40, lissafin shi ne 15 sau 0.005 sau 24, wato 1.8V. Maimakon 57.6V, abin da ya dace 55.8V ne. Na'urar da ba a liƙa wa batir wayarta ta jin zafi ba ba ta san wannan ba, za ta yi ta dafa batirin kullum. A ganina wannan 'yar wayar ta fi kowane tire hana zubar asid. Haka kuma duba ko an bar cajin daidaito, wato caji mai ƙarfi da ake yi don sel-sel su zo daidai da juna, wanda ke kai sel wajen 2.6V, yana tashi da kansa a kai a kai. Gara a riƙa yin sa da hannu, mutum yana tsaye, bayan haidiromita ta nuna sel-sel sun bambanta.

Na uku naso ta gindin kan batir. Kan batir dalma ne, yana ratsa murfin roba ta wani abin liƙi. Idan aka ɗaure noti da ƙarfin tsiya, ko waya mai kauri tana jansa gefe, ko haɗin ya yi sako-sako yana zafi, liƙin sai ya saki, asid ya riƙa hawowa a hankali. Farin gari gishirin dalma ne, shuɗi ko kore kuma na jan ƙarfen waya ne. Ɗaure noti da sufana mai auna ƙarfi zuwa adadin da kamfani ya rubuta, ka yi amfani da wayoyi masu laushi, ka ɗaure su a jikin akwati don nauyinsu ya bar kan batir. A tsohon batir kuwa faranti na bangaren fositif yana tsatsa yana girma, har ya tura kan batir sama ya tsaga murfi. Idan ka ga kan fositif ya fi na negatif tsawo, ko murfin ya yi tudu a gefensa, batirin ya zo ƙarshe.

Tsagewar jiki ba ta cika faruwa ba, amma ita ce ke zubar da lita-lita. Takan zo daga faɗuwa lokacin dako, ko zaman batir a kan tsakuwa ko kan sukuru, ko sel ɗaya ya mutu sauran biyar su sha cajin shida, ko daskarewa a ƙasashen sanyi, domin ruwan batirin da ya sauka zuwa 1.100 yana daskarewa a wajen digiri 7 ƙasa da sifiri, alhali cikakke yana jure abin da ya wuce 50 ƙasa da sifiri. Don ka bambance, wanke baturan tas, ka busar da su, ka shimfiɗa farar takarda mai kauri a ƙarƙashin kowanne na kwana biyu ko uku. Tabo a gefe-gefe tare da sawun gangarowa a jiki daga sama yake. Tabo a tsakiya, jiki a bushe, ga sel ɗaya da ruwansa ke sauka fiye da na 'yan'uwansa, wannan tsaga ce.

Abin da za a yi tire da shi

Jikin mafi yawan batura da robar PP ake yi, saboda haka amsar tana gabanka. Ga roba uku da ke jure wannan asid ba tare da damuwa ba: PP, HDPE da PVC. Duba gindin kwandon roba za ka ga alamar kusurwa uku da lamba a ciki: 2 HDPE ce, 3 PVC, 5 PP. Mafi kyau tire da aka zuba guda ɗaya, babu haɗi babu rami. Idan ba a samu girman da ake so ba, a yanka fallen PP ko HDPE mai kaurin milimita 5 ko 6 a yi masa walda da iska mai zafi da sandar roba irinsa. Gam ba ya kama waɗannan robobi, silikon kuma yana sakin jiki ya bar asid ya bi ta bayansa.

Hanya ta biyu, wadda za ta fi maka sauƙi idan za ka sake ƙera akwatin katako, ita ce shimfiɗa ledar tafki mai kauri, ta PVC ko HDPE ko EPDM, wajen milimita 1. Falle guda za ka sa, ya rufe ƙasa ya hau bango aƙalla santimita 15. A kusurwa ninkewa ake yi kamar naɗin takarda, ba a yankawa. Ƙusa ko sukuru a can bakin sama kaɗai, sama da inda ruwa zai taɓa kaiwa. Sannan ka ɗora fallen roba mai tauri a kan ledar, domin batir mai kilo sittin idan aka ja shi sau ɗaya a kanta ya yage ta.

Waɗanda ba sa yi suna da yawa, kuma su aka fi gani. Baƙin ƙarfe yana narkewa. Kwano mai rufin tutiya da alminiyom su ma suna lalacewa, tutiya ma haidirojin take fitarwa idan asid ya taɓa ta. Ƙarfen da ake cewa ba ya tsatsa yana yaudarar mutane, amma asid ɗin salfa mai wannan ƙarfi yana cin sa. Nailan yana ruɓewa, don haka ƙananan igiyoyin ɗaure waya suke karyewa a cikin akwatin batir. Katako yana sha, ya yi baƙi, ya yi laushi daga ciki tun fuskarsa tana nuna lafiya, fenti kuwa jinkirta abin kawai yake yi. Siminti yana da sinadarin farar ƙasa, asid yana mayar da shi wani gishiri mai kumbura, shi ne marmashin da kake gani. Tayil ɗin tangaran kansa yana jurewa, amma simintin da ke tsakaninsa ba ya jurewa sai an cike da ifoksi, wato wani gam mai tauri. Faiba tana yi idan da resin mai jure sinadarai aka yi ta, kuma an rufe zaren gaba ɗaya.

Girmansa

Kada ka kintata, lissafa. Nemi yawan ruwan batir a takardar kamfani. Idan nauyi kawai aka rubuta, cire nauyin busasshe daga nauyin cikakke ka raba da 1.25. A ɗauka cikakke kilo 62 ne, busasshe 40: kilo 22 ke nan, wajen lita 18. Sel shida na batir kowanne da bangonsa, don haka tsaga ɗaya yawanci lita 3 take zubarwa, ko 6 idan ta faɗo kan bangon tsakani. Duk da haka a yi tire da zai ɗauki ruwan batir guda cif da ƙarin kashi 10 cikin ɗari, wato lita 20. Ba sai ya ɗauki na huɗun ba, domin da wuya su fashe tare.

Ga inda lissafin ke kuɓuce wa mutane. A ce tirenka santimita 100 ne da 60, faɗinsa santimita murabba'i 6,000, kowane santimita na zurfi lita 6. Da ganin haka sai a ce zurfin santimita 4 ya isa. Amma idan baturan suna zaune kai tsaye a ciki, kowanne da gindin santimita 50 da 19, su huɗun sun cinye 3,800. Saura 2,200, wato lita 2.2 a kowane santimita. Lita 20 sai ta hau santimita 9, baturan duka su tsaya tsamo-tsamo cikin asid.

Maganinsa a ɗaga su. Sa raga ta roba mai ƙarfi, ko sandunan HDPE ko PP a jere, masu tsayin santimita 4 zuwa 5, yadda gindin kowane batir zai zauna daram, ba gefe biyu kawai ba. Idan sandunan suka ci kashi ɗaya cikin shida na wurin, kana da lita 5 a kowane santimita, lita 20 ta tsaya a ƙarƙashin batura. Bangon tire ya kai santimita 10, domin idan ka zo kashe asid kumfa za ta tashi. Bakinsa ya zarce jikin batura da aƙalla santimita 3 ta kowane gefe, don abin da ya gangaro ya faɗa ciki. Tsakanin batir da batir a bar santimita 2 saboda iska da kuma ido ya iya gani. Ɗaga su yana da wata fa'ida: lemar asid tana ɗaukar wuta, idan ta haɗa jikin batura da ƙarfen da ke ƙasa sai wuta ta riƙa sulalewa, wani lokaci har ta ƙona hanya a jikin roba. Kana iya gwada wannan da mita, tsinke ɗaya a kan negatif, ɗayan kana taɓa saman murfi. Murfi mai tsabta kusan sifiri zai nuna.

Tire ruwa yake riƙewa, ba nauyi ba. Baturanka sun kai kusan kilo 250, don haka gindin tiren ya kwanta gaba ɗaya a kan wuri mai ƙarfi, shafaffe, wanda aka auna da ma'aunin ruwa. Batirin da ya karkace, farantansa na gefe ɗaya suna fitowa fili, ɗaya gefen yana tumbatsa. Kada a huda tire don magudana. Ramin da aka yi don sauƙin wanki shi ne zai kai asid da dalma cikin ƙasa. Idan ruwa ya taru, da sirinji mai kan roba ake zuƙe shi. Wayoyi su shiga akwati ta gefe, sama da bakin tire amma ƙasa da saman batura, a toshe ramin, don haidirojin da ke hawa sama kada ya bi bututun waya zuwa inbata. Idan hawa biyu za ka yi, kowane hawa da tirensa, a bar sararin da kai da hannu za su shiga. Ni dai hawa ɗaya nake ba da shawara ga batura masu ruwa, domin batirin da ke da wuyar dubawa ba a duba shi.

Daɓen da ya lalace a kankare shi har a kai ga mai ƙarfi, a jiƙa shi da ruwan soda har kumfa ta daina, a ɗauraye, a bar shi ya bushe sarai. Idan an yi sabon siminti a jira kwana 28. Sannan a shafa ifoksi mai jure asid sau biyu ko uku, ya hau bango santimita 10. Wannan shi ne katanga ta biyu idan tire ya gaza. Akwatin da ya riga ya sha asid kuwa a rabu da shi, kada a ƙona shi kuma, saboda dalma.

Iska

Kowane Ah ɗaya da ya shiga sel bayan ya cika yana cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na mililitar ruwa, ya fitar da wajen lita 0.42 na haidirojin. Idan haidirojin ya kai kashi 4 cikin ɗari na iskar wuri, tartsatsi ɗaya ya isa. Fashewar batir kuwa ita ce zubar asid mafi muni, domin a fuska take watsa shi.

Ƙa'idar IEC 62485-2, ta ƙasa da ƙasa kan amincin batura, ta ba da lissafi mai sauƙi. Iskar da ake buƙata a awa ɗaya, a ma'aunin mita kubik, ita ce 0.05 sau yawan sel sau 20 sau girman batir a Ah, a raba da 1,000. Lambar 20 ta batir mai ruwa ce a lokacin caji mai ƙarfi. Naka: 0.05 sau 24 sau 20 sau 200, raba da 1,000, ya ba da 4.8. Faɗin ramin iska a santimita murabba'i shi ne wannan adadi sau 28, wato wajen 135. Ramin shiga 135, na fita ma 135. Bututun PVC mai faɗin santimita 5 da ake yawan sawa santimita murabba'i 20 kawai yake bayarwa. Mai santimita 10 yana ba da 78, ka ga biyu ake so. Ragar hana ƙwari tana rage faɗi, sai a ƙara girman ramin saboda ita.

Ramin shiga a ƙasa, daidai saman bakin tire. Na fita a wuri mafi tsayi, a ɗaya gefen, ya fita waje ba cikin ɗaki ba, bututun yana hawa ba tare da ya lanƙwaso ƙasa ba. A karkata murfin akwati zuwa wajensa don kada iska ta maƙale a lungu. Idan za a sa fanka, a sa ta a ramin shiga tana turo iska mai tsabta, domin wadda ke zuƙo iskar batir tana shan feshin asid, tana kuma iya yin tartsatsi. Inbata, na'urar caji, fiyus da makunni duk a wajen akwati, kuma ba a samansa ba. Feshin da ya ci katako zai ci allon na'ura cikin sauƙi. Iskar nan tana kuma sanyaya batura, abin da ke da muhimmanci domin kowane ƙarin digiri 10 a kan 25 yana rage rayuwar batir da kusan rabi, yana ƙara masa shan ruwa da feshi.

Kashe asid

Bekin soda ita ce ta fi aminci, domin ba ta ƙona hannu, kumfarta kuma tana gaya maka ko da sauran asid. Kada a ruɗe ta da bekin foda, wadda aka gauraya da wasu abubuwa. Abin da ake rainawa shi ne yawanta. Lita ɗaya ta ruwan cikakken batir mai 1.280 tana ɗauke da kusan giram 470 na asid zalla, tana cin kusan giram 800 na soda. Sel ɗaya mai lita 3 kilo biyu da rabi ke nan, batir guda kuwa kusan kilo 15. Ƙaramin ƙunshi na goge kan batir ne kawai. Ajiye aƙalla kilo 5 a bokiti mai murfi kusa da ƙofa. Sodar wanki ta fi ƙarfi, rabin kilo ya ishi lita, amma tana cin fata sai da safar hannu. Kada ka kusanci kostik soda, zafin da take tayarwa yana sa asid ya yi tsalle. Kada kuma ka zuba bilic ko wani ruwan wanki mai kulorin, iska mai guba suke fitarwa tare.

Wasu suna shimfiɗa soda a gindin tire tun da wuri. 'Yar kaɗan ba laifi, tana kashe ɗiga. Amma mai yawa tana daskarewa, ta cinye wurin da ka lissafa, ta kuma ɓoye maka tabon da ya kamata ka gani. Tire mai farin launi, wanda babu komai a cikinsa, ya fi saurin faɗin gaskiya.

Idan zuba ta auku, buɗe ƙofa da taga, ka fitar da yara da dabbobi. Kashe inbata, katse wutar faifan sola, sannan makunnin batir, duk daga wajen akwati. Ba wa iska 'yan mintuna kafin ka taɓa kan batir. Warin ruɓaɓɓen ƙwai yana nufin batir ya yi zafi ƙwarai yana fitar da iska mai guba, sai a fita a jira ya huce. Sa gilashin da ke rufe ido ta ko'ina, safar hannu mai kauri ta PVC ko naitiril, takalmin roba, ka cire zobe da agogo. Kada ka fara da kwara ruwa, faɗaɗa ɓarnar yake yi. Kada ka sa garin katako ko tsumma, asid yana cin su. Kewaye zubar da soda ko busasshen yashi, sannan ka riƙa barbaɗa soda daga gefe zuwa tsakiya, kaɗan-kaɗan. Kowace lita ta asid tana fitar da sama da lita 200 na iskar kabon, idan ka juye bokiti gaba ɗaya kumfa za ta haura bakin tire ɗauke da asid ɗin da bai mutu ba. Motsa da sandar roba, ka ƙara, har sabuwar soda ta daina kumfa. Takardar gwajin pH, mai auna ƙarfin asid, ta nuna wajen 7, alamar asid ya mutu. Kwashe da cokalin shara na roba zuwa bokitin roba mai murfi. Abin da ka kwashe yana da dalma ko da asid ɗin ya mutu, don haka ba a zuba shi a lambu, ko kwata, ko kusa da rijiya. Tare da mataccen batir ake miƙa shi ga masu sarrafa tsofaffin batura ta hanyar da hukuma ta yarda.

Idan ya taɓa fata, cire tufafin ka yi ta kwara ruwa aƙalla minti 15. Idan ido ne, ruwa mai tsabta zalla, ido a buɗe, minti 15 ko fiye, sannan asibiti nan take ko da zafin ya lafa. Ba a sa soda a ido. Wanda ya haɗiya kada a sa shi amai, a kai shi asibiti. Saboda haka jarkar ruwa mai lita 20 ta zauna kusa da akwatin kullum, ana sabunta ta.

Batirin da ya tsage ba a liƙe shi a mayar. Saka shi cikin kwandon roba, ka cire shi daga jeri, wayar da ke haɗe da ƙasa ita ce ta farkon kwancewa, da sufanar da aka naɗe da tef. Uku da suka rage 36V ne, kada a bar na'urar 48V ta caje su. Batirin da ya yi ambaliya sau ɗaya ko biyu kuwa, tataccen ruwa za ka ci gaba da ba shi. Sai in sel ya zubar da mai yawa, kuma bayan cikakken caji haidiromita ta nuna ya kasa kamo saura, sannan a mayar masa da ruwan asid mai nauyi daidai da na takardar kamfani, wanda aka riga aka sirka.

Bayan gyara, sau ɗaya a wata ka haska tocila a gindin tire, ka duba ruwan kowane sel bayan caji, ka rubuta wanda ya fi sha. Tabbatar marafai sun zauna daram, sannan ka goge saman batura da tsumman da aka jiƙa a ruwan soda, giram 60 a lita, a matse shi sosai don ko ɗigo kada ya shiga sel, domin zai kashe asid ɗin ciki. Bi da ruwa mai tsabta, ka busar, ka shafa ɗan basilin a kan haɗin bayan an ɗaure noti. Akwai marafai na musamman da ke kama feshi su mayar da shi cikin sel, suna rage jiƙewar sama sosai. Masu sinadarin da ke mayar da iska ruwa kuwa suna zafi, a cire su kafin cajin daidaito. Idan bayan ka gyara ruwa da saitin caji saman batura ya zauna a bushe wata biyu a jere, ka gano tushen matsalar. Idan batir ɗaya ya ci gaba da jiƙewa shi kaɗai, auna ƙarfin kowanne lokacin caji, ka auna kowane sel da haidiromita: sel ɗin da ya gaza 'yan'uwansa da 0.050 ko fiye bayan cajin daidaito shi ne mai laifin, batirin da yake ciki kuma shi za a canza.